Kashi na 14: Rubutun da ba ƙage ba, daga ina ya faro?



Kwanaki wata ƙanwata ta gan ni riƙe da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, sai ta ce, "Yaya, wannan ma irin Ruwan Bagaja ne?" Na ce a'a. Marubucin dai ɗaya ne, Abubakar Imam, amma Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ƙirƙirarsa aka yi, shi kuwa wannan labarin tafiyar da Imam ya yi ce da ƙafarsa zuwa Ingila a 1943. To a nan zancenmu na yau yake.

Rubutun zube iri biyu ne. Akwai ƙagaggen labari, akwai kuma wanda marubuci ya ɗauki alkawarin cewa abin da ya faɗa ya faru da gaske: tarihi, tarihin rayuwa, labarin tafiya, maƙala, rahoton jarida. Abin dariya, Turawa ma ba su ba shi suna nasa na kansa ba, sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa kawai "wanda ba ƙage ba".

In ana maganar asali, yawanci akan ambaci Montaigne, Bafaranshen da ya fitar da maƙalolinsa a 1580, yana rubutu a kan tsoro, abota, har da ciwon jikinsa. Amma mu ma fa ba baƙi ba ne a harkar. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri da Larabci a 1812. Sai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya samu 'yanci, ya bi Barth har Landan a 1855. Can ya zauna ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ku duba fa, kusan shekara hamsin kafin gasar 1933 da ta haifar da su Ganɗoki da Shaihu Umar. Wallahi ina jin haushi yadda aka ƙi koya mana wannan a sakandare.

Inda rigima take shi ne alkawarin nan. A 1966 Truman Capote, Ba'amurke, ya fitar da In Cold Blood, a kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Kansas a 1959. Ya yi shekaru yana bincike, ya tsara shi da daɗi kamar ƙagaggen labari, ya ce komai gaskiya ne. Daga baya aka gano haɗuwar da ya rufe littafin da ita a maƙabarta ba ta taɓa faruwa ba. Ni a wurina ya karya alkawari, ko da kuwa shafi biyu ne.

Shi ya sa in na ga an rubuta "labarin gaskiya ne" a saman wani dogon rubutu a Facebook, nakan tambaya: a wane gari, yaushe, wa ya gani? Sau da yawa shiru ake yi min, wani lokacin kuma a toshe ni.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna a kan labarin Dorugu shi kaɗai.