Faransa: an ɗora wa masu ƙera manhajar likita linzami

A watan Fabrairu na 2021 aka wayi gari a Faransa asirin mutum kusan 500.000 yana yawo a intanet: suna, lambar inshorar lafiya, sunan likita, har da wanda ke ɗauke da sida ko kansa, da mace mai juna biyu. Bayanan sun fito ne daga ɗakunan awon jini da ke aiki da manhajar kamfanin Dedalus Biologie. Hukumar CNIL, mai tsaron sirrin ƴan ƙasa, ta gano cewa lokacin da ake kwashe bayanai daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, kamfanin ya ɗebi fiye da abin da aka umurce shi, kuma bai kulle su da mabuɗin sirri ba. A Afrilun 2022 ta ci shi tarar euro miliyan 1,5, wato kusan sefa miliyan 984.

Abin lura, ba likita aka kama ba, maƙerin kayan aikinsa aka kama.

Amma hukuma ba rufe ƙofa take nema ba. So take bayanai su yi tafiya, domin shekara da shekaru kowace manhaja da yarenta: awon da aka yi a wannan asibiti, kwamfutar wancan ba ta iya karanta shi, sai majinyaci ya sake biya, ya sake miƙa hannu ga allura. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen kaya da mudun wani gari ya sayar da na wani ya san wannan ciwon kai.

Don haka tun 1 ga Janairun 2021 ya zama tilas a liƙa wa bayanan kowane majinyaci lambar shaida guda, INS. Sannan gwamnati ta ware euro miliyar 2 cikin shirin Ségur. A nan dabarar take: hukumar ANS tana gwada manhaja, wadda ta cika sharuɗɗa kaɗai ake sa wa cikin jeri, kuma gwamnati ce ke biyan kamfanin kuɗin sabunta ta a wurin likita. Wanda bai ci jarrabawa ba, abokin gasarsa ya kwashe masa ciniki.

Yanzu Tarayyar Turai ta shigo. Dokarta ta bayanan lafiya ta fara aiki a Maris na 2025, kuma daga 2029 takardar magani da taƙaitaccen tarihin majinyaci za su riƙa ƙetare iyaka, manhaja kuma sai ta rubuta duk wanda ya leƙa fayil ɗin.