Shirin Musamman: Ciwon Ƙwaƙwalwar da Ake Ɗauka Taɓin Hankali Ne

Shirinmu na yau zai duba wata cuta ce da likitoci ba su gano asalinta ba sai a shekarar 2007, alhali ta daɗe tana kwantar da 'ya'yan mutane, musamman 'yan mata.

Ga yadda takan faro. Yarinya ce lafiyarta ƙalau, sai ɗan zazzaɓi da ciwon kai. Bayan sati ɗaya ko biyu barci ya ƙaurace mata. Ta riƙa firgita tana surutai, tana ganin abin da ba wanda ke gani, tana zargin 'yan uwanta da shirya mata sharri. Daga nan magana ta fara raguwa har ta ɗauke ɗif. Sai farfaɗiya ta biyo baya, baki da fuska su riƙa motsi da kansu, hannu yana murɗewa. In abin ya yi nisa, bugun zuciya ya rikice, numfashi ya yi rauni har sai an jona mata na'ura.

Mai sauraro, ka san abin da za a ce a gidajenmu: ta yi gamo, ko kuwa sammu aka yi mata. A Turai da Amurka ma an sha kai irin waɗannan marasa lafiya sashen masu taɓin hankali, a yi ta ba su maganin kwantar da hankali, ciwon kuwa yana ƙara cin jiki.

To mene ne ainihin abin da ke faruwa? Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo dare da rana, kuma a jikin kowace akwai 'yan ƙananan mashigai masu karɓar saƙon. Wani nau'insu shi ake kira NMDA, wanda koyo da tunani da riƙe abu a ka suka dogara da shi. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke kuskure. Sinadaran da takan ƙera don yaƙar ƙwayoyin cuta su ne ke zuwa su manne wa mashigan nan, tamkar maigadin da ya kulle ƙofa ya hana masu gida shiga. Sai ƙwayar jijiyar ta janye mashigan zuwa cikinta, saƙo ya daina wucewa. Amma a lura da kyau: galibi ƙwayar jijiyar ba ta mutuwa. In aka kawar da sinadaran, mashigan sukan dawo, hankali ma ya dawo.

Likitan da ya jagoranci gano wannan shi ne Dakta Josep Dalmau, ɗan ƙasar Sifaniya, lokacin yana aiki a Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Ya lura da wasu matasan mata masu alamomi iri ɗaya, kuma akasarinsu suna da wani ƙari a gidan ƙwansu. Ƙari ne mai ban mamaki, don akan tarar da gashi da haƙori da tsokar jijiya a cikinsa. Garkuwar jiki na yaƙar jijiyar da ke cikin ƙarin, sai faɗan ya zarce har ƙwaƙwalwa. Wasu kuma cutar kan taso musu ne bayan sun yi fama da kumburin ƙwaƙwalwa na ƙwayar cutar hapis. Da yawa, musamman yara da maza, ba a samun ƙarin komai a jikinsu.

Wadda ta sa duniya ta san cutar ita ce Susannah Cahalan, 'yar jarida a birnin New York. A 2009, tana da shekara 24, ta kwanta kusan wata guda ba ta cikin hayyacinta. Wani likita haifaffen Siriya, Dakta Souhel Najjar, ya miƙa mata takarda ya ce ta zana agogo. Ta zana, amma duk lambobin ta cusa su a ɓangaren dama. Nan ya gane cewa ƙwaƙwalwar ce da kanta ke ciwo. Ta warke, ta koma bakin aikinta, har ta rubuta littafi a 2012.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya bi diddigin marasa lafiya 577. Kusan huɗu cikin biyar mata ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. Cikin waɗanda aka bibiya har shekara biyu, kashi 81 cikin ɗari sun samu sauƙi sosai, kuma waɗanda aka fara yi wa magani da wuri sun fi murmurewa. Binciken ya nuna cewa an fi samun ƙarin nan a jikin baƙaƙen mata da na Asiya, saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar ɗibar ruwan ƙashin baya a gwada. Hoton ƙwaƙwalwa kan iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Magani kuwa shi ne allurar da ke sassauta garkuwar jiki, ko tace jini, da cire ƙarin in akwai shi. Warkewa takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, don haka sai iyali sun yi haƙuri.

Ba kowace rikicewa ce wannan cuta ba. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai su ma suna birkita mutum, kuma duka asibiti suke bukata cikin gaggawa. Iyaye, addu'a ba ta hana neman magani. In ɗanku ko 'yarku mai lafiya ta sauya hali cikin 'yan kwanaki, ga rashin barci, ga farfaɗiya ko motsin baki, kada a ɗaure ta, kada a doke ta. A kai ta babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a gaya masa yadda abin ya faro daga ranar farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.