Canjin agogo: dabarar Turai da lissafin rana a ƙasar Kurfai

Kowace shekara, a daren Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya. A Faransa, da ƙarfe 2 na dare ta buga sai a ce ƙarfe 3 ta yi. A Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba kuma su mayar da awar da suka ɗauka. Nijar ba ta yin haka, agogonta ɗaya ne damana da rani. Amma al'amarin yakan iso har Abala, kimanin kilomita 250 arewa maso gabas da Yamai, ta hanyar da ba a zata ba. Mutumin da aka saita masa salula a kan lokacin Paris, domin a watannin ɗari lokacin Paris da na Yamai ɗaya ne, yakan wayi gari a ƙarshen Maris ya ga wayarsa ta wuce ta maƙwabcinsa da awa guda. Ya je tashar mota tun ba a fara lodi ba, ko ya yi gardama da ladan a kan lokacin azahar. Daga nan sai tambaya ta taso a biro da majalisun hira: in Turawa suna samun riba da wannan dabara, me ya hana Nijar ta bi su?

Tambayar tana da nauyi, domin ta shafi lokacin shiga lakkwal, da lokacin aikin gwamnati, da kuɗin lantarki.

Da farko dai, tura agogo ba ya ƙara wa yini ko minti ɗaya. Sunan lokaci kawai ake canzawa. Ma'aikacin da ya saba fita ƙarfe 7 zai ci gaba da fita ƙarfe 7 bisa agogo, alhali bisa rana ya yi sammako da awa ɗaya. Ya tashi aiki da wuri, ya tarar da sauran haske da marece, ya jinkirta kunna fitila.

Tunanin ya daɗe. A shekara ta 1784 Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Faransa, ya rubuta wa wata jaridar Paris takarda cikin raha, yana lissafin kyandir ɗin da mutanen birnin za su tsimi in da suna tashi da hudowar rana. Shi bai ce a taɓa agogo ba. Wanda ya tsaya kai da fata a kan haka wani magini ne na Ingila, William Willett, a 1907, kuma ya rasu a 1915 ba tare da ya ga an karɓi shawararsa ba. Yaƙi ne ya sa aka karɓa. Ranar 30 ga Afrilu 1916 Jamus ta tura agogonta domin tsimin gawayin ƙasa, cikin makonni kaɗan Ingila da Faransa suka bi. Faransa ta bar canjin bayan yaƙin duniya na biyu, ba ta koma masa ba sai ranar 28 ga Maris 1976, zamanin shugaba Valéry Giscard d'Estaing, bayan tsadar man fetur ta 1973. Ke nan a waɗannan lokuta da aka rungumi dabarar, ƙarancin makamashi ne ya tilasta.

A Turai hujjar tana da tushe, saboda bambancin tsawon yini. A Paris, yini mafi tsawo cikin watan Yuni ya ɗara awa 16, mafi gajarta cikin Disamba kuwa awa 8 ne da ƴan mintoci. Akwai hasken safiya mai yawa da ke wucewa mutane suna barci, shi ne ake son a kwaso a kai marece. Masu shaguna da masu gidajen abinci da masu wasanni suna murna da dogon marece, kuma direban da ya koma gida da sauran haske ya fi ganin hanya.

Sai dai ribar lantarkin ta yi ta raguwa. Hukumar Faransa mai kula da makamashi, ADEME, ta ƙiyasta cewa a 2009 canjin ya tsime kilowat-awa miliyan 440 na hasken fitilu. Adadin yana da girma a kunne, amma bai kai kashi ɗaya cikin dubu na lantarkin da Faransa ke sha a shekara ba, kuma tun daga lokacin an sami ƙwayayen fitila masu cin wuta kaɗan. A jihar Indiyana ta Amurka, wadda ta shigar da dukan gundumominta cikin tsarin a 2006, masu bincike sun duba takardun kuɗin wuta na gidaje suka tarar shan lantarki ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100. Abin da aka rage a fitila, an kashe fiye da shi a na'urorin sanyaya ɗaki da na ɗumama shi. Wannan misali ya kamata mahukuntan ƙasa mai zafi su riƙe shi da kyau.

Likitoci ma suna da tasu magana. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan majinyatan ƙasar Suwidin ya nuna ciwon zuciya na farat ɗaya yana ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a makon da ya biyo bayan tura agogo gaba, kuma ana danganta haka da tauye barci. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4 da dubu 600 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisar dokokin Tarayyar ta amince a watan Maris 2019 cewa za a daina a 2021, amma shekarar ta zo ta wuce gwamnatoci ba su daidaita a kan lokacin da za a tsaya ba. Rasha ta daina canji a 2011, Turkiyya a 2016, Birazil a 2019.

To, yaya lissafin yake a Abala?

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta kashi 360, kowane kashi ana ce masa digiri. Rana tana ratsa digiri 15 cikin awa ɗaya, wato digiri ɗaya cikin minti 4. Agogon Nijar yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, ma'ana an ɗora shi a kan layin digiri 15 na gabas, layin da ya bi ta Injamena, babban birnin Cadi. Abala kuwa tana wajen digiri 3 da rabi. Tsakaninta da wancan layi akwai digiri 11 da rabi, in an ninka da 4 a sami minti 46. Saboda haka idan agogo ya ce ƙarfe 12 a Abala, rana ba ta kai tsaka ba tukuna. Sai wajen ɗaya saura kwata inuwar mutum take komawa ƙarƙashin ƙafarsa. A farkon Nuwamba hakan yakan faru wajen 12 da rabi, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai ƙarfe 1. Duk wanda ya kafa sanda a fili ya dubi inuwarta yana iya tabbatar da wannan da kansa.

Ashe abin da ake cewa a kwaikwaya, mutanen Abala da Filinge da Sanam suna da kashi uku cikin huɗu nasa tuntuni, kuma shekara duka. Agogonsu ya riga rana da kusan awa guda. In aka ƙara wata awar, sai ya riga ta da awa biyu saura kwata.

Sannan babu rarar hasken da za a kwaso. Abala tana wajen digiri 15 arewa da tsakiyar duniya. Yininta mafi tsawo awa 13 ne, mafi gajarta awa 11 da kwata. A ƙarshen Yuni rana tana hudowa wajen ƙarfe 6 da minti 20, ta faɗi wajen 7 da minti 20 na marece. A watan Janairu sai bayan ƙarfe 7 take fitowa, shi ya sa ƴan lakkwal suke fita cikin sanyi da hazo gari bai gama wayewa ba. In da za a tura agogo a watan Afrilu, rana ba za ta hudo ba sai 7 da rabi, magariba ta wuce ƙarfe 7 da rabi ta doshi 8, a damana ma ta wuce 8, lisha ta kai wajen 9 da rabi. Wanda ke jiran lisha kafin ya kwanta, kuma biro na jiransa da safe, barcinsa ne zai biya.

Akwai kuma waɗanda canjin ba zai taɓa ba sam, kuma su ne mafi yawa. Manomin Dallol Boso ba ya duba agogo kafin ya ɗauki hauya. Yana fita bayan asuba, ya yi aiki da hantsi, a kawo masa fura da walaha, ya nemi inuwa in rana ta take. Makiyayi yana kai dabbobi rijiya bisa ƙishirwarsu. Shanun Azawak na gidan kiwon Tukunus suna ba da nono lokacin da suka saba, ko an ce ƙarfe 6 ne ko an ce 7. Salloli biyar suna bin rana, azumi yana bin alfijir da faɗuwarta. Dokar canjin agogo za ta hau kan malamin makaranta da ɗalibinsa, da ma'aikacin asibiti, da direba, ta bar sauran jama'a inda suke, gari ɗaya ya koma yana da lokaci biyu.

An ga irin haka a Labanan a watan Maris 2023. Gwamnati ta ɗage canjin agogo kwana biyu kafin ranarsa, domin masu azumi su sha ruwa da wuri bisa agogo. Wasu makarantu da coci-coci da gidajen talabijin suka ƙi bi. Ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu, har gwamnati ta janye. Maroko kuma a 2018 ta tsayar da agogonta awa ɗaya gaban GMT, ta riƙa mayar da shi baya in watan azumi ya kama. Masar ta bar canjin, ta sake komo masa a 2023 saboda ƙarancin makamashi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Gwalkwas, Gana ta yau, inda Kurfayawa da Zabarmawa suka daɗe suna zuwa ci-rani, ta taɓa gwadawa: dokar Ingilishi ta 1919 ta sa a riƙa tura agogo da minti 20 a watannin ƙarshen shekara. Minti 20 kacal. Gana ta daɗe da barin wannan.

Duk da haka ba a ce masu son canjin ba su da ta cewa ba. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Kurfai. Ajin da aka rufe da kwano yakan zama tanda kafin azahar. In yara sun shiga da awa ɗaya kafin lokacin da suka saba, sun sami sa'ar sanyi ɗaya, sun tsere wa sa'ar zafi ɗaya. Ajin yaƙi da jahilci da ke zama da marece a garin da babu lantarki shi ma zai so ƙarin haske. Wannan gaskiya ce. Amma ana samun wannan riba da takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi ko ta aiki, wadda za ta ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza a shiga ƙarfe kaza. Ba sai an taɓa agogon mutum fiye da miliyan 25 ba, da jadawalin jiragen sama, da na bankuna, da na rediyo. Takardar kuma tana iya bambanta jiha da jiha, abin da agogon ƙasa ba ya iyawa. Rana tana riga fitowa a Damagaram da minti 20 da ɗoriya kafin Abala, a Difa kuwa da fiye da rabin awa. Lokacin shiga da ya dace da ɗan Difa bai zama lalle ya dace da ɗan Tilaberi ba.

Batun lantarki ma a Nijar ya juya wa hujjar Turai baya. A Yamai buƙatar wuta tana kai ƙololuwa ne a bazara, kuma fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki ne ke jan ta, ba fitila ba. Ma'aikacin da ya koma gida awa ɗaya da wuri bisa rana, cikin tsananin zafi ya koma, abin da zai fara kunnawa fanka ce. A ƙauyukan Kurfai kuwa, inda tocila da ƙaramar fitilar sola suka maye gurbin fitilar kananzir, babu wutar kamfani da za a tsime.

Saura maganar maƙwabta. Najeriya da Benin da Cadi da Aljeriya duk agogonsu ɗaya da na Nijar, kuma ba su canzawa. Ɗan kasuwar da ke kai dabbobi Legas ko Kwatano, da kamyon da ke tasowa daga Gaya, ba su taɓa buƙatar gyara agogo a kan iyaka ba. Canji zai raba su da abokan cinikinsu wata bakwai a shekara. Ta wajen Mali kuwa da ma akwai tazara. Mali da Burkina Faso suna kan GMT, saboda haka idan ƙarfe 8 ta yi a Abala, ƙarfe 7 ce a Andarambukan, alhali garuruwan biyu kusan tare suke ganin hudowar rana. Ƴan gudun hijirar Mali da suka sauka Abala a 2012 daga yankin Menaka sun tura agogonsu gaba da awa ɗaya, lokacin sallarsu bisa rana bai gusa ba sai da ƴan mintoci. Bisa lissafin rana, Abala minti 14 kawai take gaban GMT, ta fi kusa da agogon Mali nesa ba kusa ba. In Nijar ta ƙara awa, tazarar tsakanin waɗannan garuruwa biyu ta zama awa biyu.

Mai salular da ke tsalle a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba kuwa, gyaransa ba wuya. Ya shiga wurin saitin kwanan wata da lokaci, ya cire Paris, ya zaɓi Yamai, wadda wayoyi ke rubutawa Niamey. In bai same ta ba ya zaɓi Legas.