Kufan Surame da Manoman da ke Kewaye da Shi

Duk wanda ya nufi ƙasar Binji, arewa maso yamma da Sakkwato, zai tarar da ƙananan ƙauyuka na manoma gero da dawa, da makiyaya suna kora shanu cikin daji. A tsakiyar wannan daji ne ganuwar Surame take kwance, watau birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516. Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne, an yi ganuwarsa da dutse haɗe da ƙasa, ba da tubalin laka kaɗai ba. Saboda haka ne har yanzu ake iya bin sawunta.

Sarakunan Kabi sun bar Surame a farkon ƙarni na 18, suka koma Birnin Kabi. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, daga bisani sarauta ta kafu a Argungu. Ke nan masarauta ta yi ƙaura sau biyu, amma shaidar mafarinta tana nan inda aka bar ta. Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, sai kufan ya faɗa cikin Jihar Sakkwato. Masu tarihin suna wani gefe, masu ƙasar suna wani gefe.

An sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 ya shiga jerin wuraren da Nijeriya take nema wa shaidar UNESCO. A Argungu kuwa, tsohuwar fada ta zama Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, inda ake ajiye makamai da tambura. Sai dai fa takuba da tambura ana iya ɗauke su a kulle cikin ɗaki. Ganuwa da ƙasar da ta binne gidaje ba su ɗaukuwa.

Akwai darasi daga nesa. Harappa ƙauye ne na manoma a lardin Punjab ta Pakistan, yana zaune kan birnin da ya haura shekara 4,000. A ƙarni na 19 masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Lahore da Multan suka kwashe tubalansa suka yi ciko da su. Da masana suka fara tono a 1921, wani sashe mai yawa ya riga ya salwanta.

Dalilin da ya sa irin wannan hasara ba ta da magani shi ne, masanin kufai ba abin da aka tono kaɗai yake karantawa ba, har da inda aka same shi. Tsingaron da ke ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da ke kusa da shi ana iya auna shekarunsa. Idan garma ta birkice ƙasa, ko aka kwashe duwatsu don harsashin ɗaki, to an yage shafin da babu kwafinsa.

Bisa ga haka, mai gadin Surame na gaskiya shi ne manomin da ke maƙwabtaka da shi. Wajibi ne ma'aikaci ya zauna da dagatai da masu unguwanni, a shata iyakar noma da yardarsu, a ɗauki 'ya'yansu aikin tsaro da jagorancin baƙi. Ɗalibai kuma su rubuta abin da tsofaffi suka sani game da ƙofofi da sunayen wurare tun suna raye. Doka tana Abuja, amma fartanya tana bakin ganuwa kowace damina.