Ayarin da Ba Ya Ɗauke da Haja

Kalmar nan karaban da Turawan Ingila su ke faɗi, asalinta daga harshen mutanen Farisa ta fito, ma'anarta kuwa ayari, wato taron fatake da dabbobinsu, irin wanda a da ya kan tashi daga Kano ya nufi Gwanja. Amma a Ingila ta yau, in mutum ya ce zai tafi da karaban, to babu raƙumi a ciki, babu jaki, babu haja. Abin da ya ke nufi wani ɗan ɗaki ne mai ƙafafu, da gado da murhu da wurin wanka a cikinsa, wanda a ke ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa inda a ke so a huta.

Mutumin da a ke danganta mafarin wannan al'ada gare shi wani likitan sojan ruwa ne, Gordon Stables. A cikin 1885 ya sa aka ƙera masa ɗakin katako a birnin Bristol, dawaki biyu ke jan sa, ya kama hanya daga kudancin Ingila har Inverness, can arewacin Sikotilan. Ya tafi da mai kora dawaki, da karensa, da tsuntsunsa mai kama da aku, da baransa. Shi baran nan aikin jagaba ya yi: ya kan hau keke mai ƙafa uku ya wuce gaba, ya duba hanya, ya nemo zango. Ashe tun ran farko keke da karaban tare suka taso. A 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiya, a 1919 kuma aka soma ƙera irin wanda mota ke ja a birnin Birmingham.

Lokacin da masu son itatuwa suka fi fita shi ne wanda Larabawa ke kira rabi'u, daga Maris zuwa Mayu. A kan fassara shi da bazara, amma ba irin bazarar ƙasar Hausa ba ce mai ƙuna. Sanyi ne ya ke sakin ƙasa, itatuwan da suka kakkaɓe ganye su ke sake toho. Inda ya ke fara sauka kuwa shi ne lardin Konwal, a ƙarshen ƙasar ta kudu maso yamma, tafiyar fiye da mil 250 daga Landan. Teku ta kewaye lardin ta gefe uku, ruwanta mai ɗumi-ɗumi ne, saboda haka ƙanƙara ba ta cika kwana a kwazazzaban da ke gangarawa bakin ruwa ba.

Isa Konwal da karaban ba wuya, yawo da shi a cikinta ne wuya. Hanyoyin ƙauyukan matsattsu ne, ga ganuwar dutse da ƙasa dama da hagu, ciyawa ta lulluɓe ta har baƙo ya ɗauka shinge ne mai taushi, sai ya goge ta ya gane kurensa. Don haka mai hankali ya kan kafa ɗakinsa a zango guda, ya biya kuɗin fili da ruwa da lantarki, ya kwance kekuna daga bayan mota.

Hanyar keke da ta fi suna a can tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce. An daina kai fasinja garin Padstow a 1967, daga baya aka tumɓuke ƙarafa aka daddaɓe wurin, ya zama hanya mai tsawon kimanin mil 18, ba mota, ba tudu mai wuya, gama jirgi ba ya son hawa. Ta bi gefen kogin Camel, sunan da a Turanci ya yi daidai da raƙumi. Kada falke ya yi murna: a tsohon harshen mutanen Konwal ma'anarsa mai karkata. Duk da haka mutanen garin Camelford sun kafa siffar raƙumi a bisa ɗakin taronsu. A Afrilu da Mayu, inda hanyar ta ratsa kurmi, ƙasa ta kan rufe da wani ɗan fure shuɗi mai kama da ƙararrawa, wanda doka ta hana a tone shi daga daji a sayar.

Amma abin da ya ke kawo yawancin baƙin nan shi ne lambuna. Ba lambunan albasa da tumatir ba ne, kurmi ne wanda aka dasa da hannu, itace bayan itace. Galibin itatuwan kuwa baƙi ne, kuɗin ciniki ne ya kawo su. Lambunan Glendurgan da Trebah, waɗanda ke maƙwabtaka a bakin kogin Helford, 'yan gidan Fox ne suka kafa su, attajiran da ke wakilcin jiragen ruwa a tashar Falmouth, masu hanyar samo tsiro daga nisan duniya. Na Caerhays kuwa na gidan Williams ne, waɗanda suka yi arziki da haƙar kuza da jan ƙarfe. Maigidan, J. C. Williams, ya zuba kuɗi a tafiye-tafiyen George Forrest, wanda ya yi ta hawan duwatsun Yunnan a ƙasar Sin yana tara iri. Sau bakwai ya je, daga 1904. A 1905 da ƙyar ya tsira da ransa a wata tarzoma kusa da iyakar Tibet, a can Yunnan ɗin kuma ya mutu a 1932. Daga irin da ya aiko ne aka haɗa wata sabuwar kameliya a Caerhays, itacen da ke dangi ɗaya da na shayi, mai jure sanyi, wadda har yau ta ke ɗauke da sunan Williams.

Akwai kuma magnoliya ta duwatsun Himalaya, wadda ke fid da fure ja-ja kamar ƙwarya ƙarama tun ganye bai fito ba. In daga iri aka shuka ta, ta kan yi shekara ashirin ko fi kafin ta yi furen fari. Mai keken da ya tsaya ƙarƙashinta na rabin sa'a, jarin wani ya ke ci wanda ya daɗe a kabari.

Lambun da ya fi nuna abin da ke riƙe da wuraren nan shi ne Heligan, kusa da garin masunta na Mevagissey, inda wata tsohuwar hanyar jirgi ke kai mai keke daga St Austell. Gidan Tremayne ne suka riƙe shi wajen shekara 400. Ma'aikatansa sun kai ga noman abarba a wannan ƙasa mai sanyi, cikin rami mai rufin gilashi, suna ɗumama shi da ruɓaɓɓen kashin doki. A Agusta 1914 suka rubuta sunayensu da fensir a bangon makewayinsu, aka tafi yaƙi, da yawa ba su komo ba. Hannu aka rasa. Sannu a hankali sarƙaƙiya ta haɗiye hanyoyi, gilashi ya zube, har aka manta da wurin. Sai a 1990 Tim Smit da wani jikan gidan suka kutsa da adda suka tarad da sunayen nan, aka soma gyara, aka buɗe ƙofa ga jama'a a 1992. Yau kuɗin shigar baƙi ne ke biyan ma'aikata, abarba kuma ta komo raminta.

Abin da ke tsorata masu lambunan yanzu cuta ce mai kama da funfuna, wadda aka fara gani a Ingila a 2002, aka same ta a jikin manyan itatuwan Konwal a 2003. Maɓoyarta wani itace ne, rododendaron mai fure shunayya, wanda mutanen da suka shigo da shi don ado, ya tsallake ganuwa ya cika dazuzzuka. A 2009 cutar ta faɗa wa wani irin itacen katako, aka sare miliyoyi. Iska da ruwan sama na ɗaukar ta, haka kuma taɓon da ya manne a takalmi da tayar keke. Shi ya sa ma'aikatan daji ke roƙon baƙo, in ya fito daga kurmi guda, ya sa ruwa da buroshi ya wanke takalmansa da tayoyin kekensa tun bai shiga na gaba ba.