Gubar Dalma da Ƙwaƙwalwar Yaran Zamfara

Tun 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, mamatan ake ta lissafawa. Waɗanda suka rayu fa? Masana ƙwaƙwalwa sun gano cewa dalma kan shige gurbin kalsiyam, ta dagula saƙon jijiyoyi daidai lokacin da basirar yaro ke ginuwa. Za a ce ai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da magani. Haka ne, amma maganin rage dalmar yake yi, ba ya gyara ɓarnar da ta auku. Yaron da ya shaƙi ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a gindin turmi yau saurayi ne, kuma har gobe yana buƙatar bibiyar asibiti da malami mai haƙuri.