Motar da ke tashi tsaye

Idan aka ajiye ta bisa tabarma, mota ce kawai. Kanta ja ne, bayanta shuɗi, tayunta shida. Yaro na iya riƙe ta da hannu ɗaya. Amma idan aka lanƙwaso bayanta ƙasa, sai ya zama ƙafafu biyu. In an jawo gefunanta, sai damatsa su fito. In an juya wani ɗan murfi daga sama, sai ga kai ya leƙo. Gilashin gaba ya zama ƙirji. Mota ta tashi tsaye, ta zama mutum-mutumi, abin da ake ce ma robot da Faransanci.

Sunan wannan abin wasa Optimus Prime. Shi ne mafi shahara cikin kayan wasan da ake kira Transformers, wato masu rikiɗa. Don yara aka yi su. Amma yau akwai manyan mutane, wasu har da furfura, da ke tara su kamar dukiya.

A ƙasar Japon aka fara ƙera su. Wani kamfani na birnin Tokiyo mai suna Takara ya fito da kayan wasa da ya kira Diaclone a shekarar 1980. A 1982 ya ƙara da motoci masu zama mutum-mutumi. Aikin ba shi da sauƙi. Yaron da ya taɓa ƙera mota da waya ko da karan dawa ya san wuyar sa taya ta juya daidai. To, su maƙeran Takara sai sun sa kowane yanki ya yi aiki biyu. Ƙofa ta zama fiffike, bayan mota ya zama ƙafa, kai kuma ya sami wurin ɓuya cikin cikin motar. In mota ta yi kyau amma mutum-mutumi ya fito a karkace, aiki ya ɓaci. Sai a sake zane.

A 1983 ma'aikatan wani kamfanin Amurka mai suna Hasbro suka ga waɗannan kaya a wajen baje kolin kayan wasa na Tokiyo. Suka sayi iznin sayar da su. Sai dai sun lura da abu guda: yaro ya fi son abin wasan da ke da suna da labari. Saboda haka aka nemi marubutan kamfanin Marvel su tsara labari. Wani marubuci, Bob Budiansky, ya raɗa ma da yawa daga cikinsu suna, ya kuma rubuta halin kowane.

Labarin ya ce sun zo ne daga wata duniya mai suna Cybertron, kuma sun rabu gida biyu. Autobots su ne masu kare mutane, Optimus Prime ke shugabancinsu. Decepticons su ne mugaye, shugabansu Megatron, wanda ke rikiɗa ya zama ƙaramar bindiga. Akwai Bumblebee, ƴar mota ruwan ɗorawa ƙirar Volkswagen. Akwai Soundwave, wanda ke zama akwatin kaset. A 1984 kayan suka shiga kantunan Amurka, tare da littattafan zane da wasan zane a talabijin. Yara suka yi ta rububi.

Ƙaunar da suke ma waɗannan abubuwa ta bayyana a 1986. A shekarar aka yi silima, aka nuna mutuwar Optimus Prime. Kamfani na so ne ya kawar da tsofaffin kaya, ya sayar da sababbi. Yara kuwa suka yi kuka, iyaye suka aika da wasiƙun koke. A 1987 dole aka maido shi cikin labarin da ransa.

Waɗannan yara su ne suka girma. Da suka fara samun kuɗin kansu, sai wasu suka shiga neman abin wasan da suka ɓatar, ko wanda iyayensu ba su iya saya musu ba. Daga guda ɗaya a koma biyu, daga biyu a cika kanta. A 1994 masu tarawa suka yi babban taronsu na farko, mai suna BotCon, a garin Fort Wayne na Amurka. Kamfani ma ya gane da su. A 2003 Takara ya fara wani jeri mai suna Masterpiece, mai tsada da wuyar juyawa, wanda aka yi musamman domin manya.

Mai tarawa ba ya saye da gaggawa. Abu na farko da yake dubawa shi ne ko kayan sun cika. Optimus Prime na 1984 yana da dunƙulen hannu biyu ƙanana, waɗanda ake maƙala masa bayan ya tashi tsaye. Da ya koma mota sai a cire su. Yara da yawa sun ɓatar da nasu a ƙarƙashin gado ko cikin yashi. Shi ya sa mutum ke iya yin watanni yana cigiyar hannu ɗaya da bai wuce ƙwayar gujiya ba. Yana kuma duba kwali, da takardar da ke nuna yadda ake juyawa, da ƴan tambarin da ake liƙawa a jiki.

Akwai kuma jabu. Tun da wuri wasu suka shiga kwaikwayon kayan. Don haka a 1985 aka fara liƙa wani baƙin tambari. In an murza shi da yatsa, ɗumin jiki ya sa alamar Autobots ko ta Decepticons ta bayyana. Yara sun ɗauke shi wasa, amma shaida ce.

Babban abokin gaban mai tarawa shi ne rana. Haskenta na sa farar roba ta koma ruwan ɗorawa. Wata roba mai launin zinariya, da aka yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1980, ta fi wannan muni. In ta tsufa takan yi gautsi kamar busasshiyar ƙwarya. Mai ita ya ɗan murɗa hannu, sai ya ji ƙas! Wuri ma matsala ne. Fortress Maximus na 1987, wanda ke rikiɗa ya zama birni, tsawonsa wajen santimita 56 ne.

A nan ne masu tarawa suka rabu. Abin wasan da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi kowane tsada, don irinsa kaɗan ne suka rage. Wasu na ajiye nasu haka nan, a inuwa, ba mai taɓawa. Wasu na ganin wannan hasara ce, tun da duk gwanintar maƙeri tana cikin juyawar, kuma ido kaɗai ba ya gane ta sai da hannu. Su kan buɗe nasu, su juya a hankali, ko da kuɗinsa zai ragu. Masu hali kuwa su kan sayi biyu, ɗaya na ajiya, ɗaya na hannu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara ƙera motoci masu rikiɗa?
2. Don me kamfanin Hasbro ya sa aka tsara musu labari?
3. Me ya faru a 1986, kuma yaya aka ƙare a 1987?
4. Mene ne amfanin baƙin tambarin da ake murzawa?
5. Wanne ya fi: a bar abin wasa cikin kwali, ko a buɗe shi? Don me?